Gwajin antijin na cutar tunjere a Kaduna: rajistar ɗakin gwaji, Janairu zuwa Afrilu 2025

Litinin, 13 ga Janairu

Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta fito ranar Juma'a, yau aka buɗe rajista. Aikin da ke gabanmu shi ne a haɗa furotin shida na ƙwayar tunjere, Treponema pallidum, a cikin bakteriyar E. coli, su zama antijin, wato abin da antibodi (garkuwar da jiki ke ƙerawa a jini) ke maƙalewa, a shimfiɗa su a farantin ELISA, gwajin da ke ba da launi in antibodi ya kama, a ga wanne ke kama jinin masu cutar ba tare da ya shafa wa masu lafiya kashin kaji ba.

Uku tsofaffin hannu ne: TpN17, TpN47 da TmpA. Su da TpN15 su ne a cikin yawancin kayan gwajin da ake sayarwa, don haka su ne ma'auninmu. Ukun da za a aza a sikeli su ne Tp0453, Tp92 da Gpd.

Dalilin wahalar ke nan. Gwaje-gwajen jini na RPR da VDRL ba ƙwayar cutar suke nema ba, antibodin da jiki ke yi wa wani kitse mai suna cardiolipin suke kamawa, hanyar da ta samo asali tun gwajin Wassermann na 1906. Suna da arha, kuma ƙarfinsu na sauka bayan magani, amma zazzaɓin cizon sauro ko juna biyu ko ciwon hanta kan sa su nuna cuta inda babu. TPPA da TPHA da tsinken gwajin gaggawa kuwa antibodin ƙwayar kanta suke kamawa. Sun fi tacewa, sai dai wanda ya taɓa kamuwa yakan ci gaba da nunawa har tsufansa, ko da ya warke sarai. Giɓi biyu ke nan: makonnin farko na gyambon da cutar ke farawa da shi, lokacin da jini bai gama nunawa ba, da kuma bambance mai cuta a yanzu daga wanda aka yi wa allura shekara biyar da suka wuce. Sabon antijin da bai toshe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya maimaita aikin TpN17 kawai, bai biya kuɗin dizal ɗin da aka ƙona a kansa ba.

Ƙwayar ba ta tsirowa a faranti kamar sauran bakteriya. Nau'in Nichols da aka samo tun 1912 a jikin zomo aka yi ta renonsa, sai a 2018 aka iya raya ta na dogon lokaci tare da ƙwayoyin jikin zomo a ɗakin gwaji. Tunda aka karance ƙwayoyin gadonta a 1998, kusan dubu ɗaya, hanyar da ta fi sauƙi ga irinmu ita ce a ba E. coli ta ƙera furotin ɗin.

Laraba, 15 ga Janairu

An tsara rukunin jini. Wannan ya fi antijin ɗin kansa muhimmanci, domin duk lissafin da za a yi a kansa zai tsaya.

Kowane samfuri sai an yi masa RPR mai sirki da TPPA kafin ya shiga rukuni. Na ɗaya, masu cutar a yanzu: duka biyun sun nuna, kuma babu tarihin magani. Na biyu, waɗanda aka yi wa magani a baya, da shaida a kati. Na uku, masu lafiya: masu ba da jini da mata masu zuwa awo. Na huɗu shi ne rukunin tarko, mutanen da TPPA ta wanke amma suna da abin da ke rikita gwaji: zazzaɓin cizon sauro da aka tabbatar a madubi, HIV, ciwon hanta nau'in B, da masu rheumatoid factor.

Jini zai fito daga asibitoci uku, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Kawo, ɗaya wajen Sabon Tasha, da ragowar da bankin jini ya ware tun bara. Mililita 5 a kwalbar da ba maganin daskarewa, a bari ya kama na minti 30, a juya a santirifuj minti 10, a raba ruwan jinin gida huɗu, maikurolita 250 kowanne. Lamba kawai a jikin kwalba, ba suna. Duk wanda gwajin asibiti ya nuna yana da cutar, magani ba ya jiran bincikenmu.

Talata, 21 ga Janairu

Matsala ta farko, kuma ba a ELISA ba ce. Cikin samfuri 24 na jiya, 9 sun fito da ɗan gudaji a gefen da'irar katin RPR, aka rubuta su a masu rauni. TPPA ta wanke 8 daga ciki. Da aka sake dubawa, sai aka ga gudajin a baki yake kewaye, ba a tsakiya ba, kuma ɗigon ya tsuke.

Hunturu ne. Ma'aunin danshin ɗaki bai kai kashi 20 ba. Maikurolita 50 na ruwan jini da aka baza a da'ira mai faɗin milimita 18, aka juya minti 8 a gudun 100, ya isa iskar nan ta busar da gefensa, garin gawayin da ke cikin maganin ya taru kamar an samu cuta. Murfin danshin injin juyawar ya daɗe da ɓata, ana ta aiki haka nan.

An kifa robar abinci mai zurfi, an manna jiƙaƙƙiyar auduga a cikinta yadda ba za ta ɗiga a kati ba. An kashe fanka. An kuma auna gudun injin da agogo, an samu 92 a minti, an gyara. Da aka maimaita, takwas ɗin nan sun fito fes. Na taran ya tsaya a 1:2.

Daga yau duk samfurin da TPPA ta nuna amma RPR ta wanke, sai an sirka shi har 1:16 kafin a yarda. Antibodi in ya yi yawa yakan hana gudaji haɗuwa, an fi ganin haka a mataki na biyu na cutar, kuma a irin wannan ne ake sallamar mai ciki a ce ba ta da komai.

Litinin, 27 ga Janairu

Fulasmid shida, wato zoben DNA masu ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin, sun iso a bushe, duka a pET28a da wutsiyar histidine shida da za a kama furotin da ita wajen tacewa. An cire musu ɓangaren sigina na farko tun wajen oda, domin yawancinsu furotin ne masu maƙale da kitse, in aka bar shi E. coli kan wahala. An saka a E. coli nau'in BL21(DE3), girgizar zafi digiri 42 na daƙiƙa 45, an shuka a faranti mai kanamycin.

Laraba, 29 ga Janairu

Duka sun tsiro. An ajiye kowanne a glycerol a firizar -80.

Asibitin Kawo ya turo samfurin mai ciki wata shida, RPR 1:32, TPPA ta nuna. Sistar awo ta tabbatar an yi mata benzathine penicillin yunit miliyan 2.4 a ranar, an sa mata ranakun saura biyu, mako-mako, tunda ba a san tsawon lokacin da cutar ta yi ba. An ba ta takardar kiran maigida. In ba a yi masa ba, tana iya sake kamuwa kafin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 700,000 da cutar ta shafa tun daga ciki a 2022, alhali allurar nan ba ta da tsada.

Talata, 4 ga Fabrairu

Gwajin ƙira na farko, mililita 50 kowanne. An reni ƙwayoyin a digiri 37 har duhun ruwan ya kai 0.6 a 600 nm, aka zuba IPTG, sinadarin da ke kunna ƙirar furotin, 0.5 mM, awa 4. An fasa da sonikita a kan ƙanƙara, daƙiƙa 10 bugu, 20 hutu, sau 15. An raba ruwa da tsaki, aka gudanar a jel na kashi 12, wanda ke raba furotin bisa girma.

TpN17 da TpN47 sun fito a ruwa, layi mai kauri a inda ake zato. TmpA rabi ruwa rabi tsaki. Gpd haka. Tp0453 layi siriri wajen kDa 30 (ma'aunin nauyin furotin), mafi yawa a tsaki. Tp92 kuwa duk a tsaki, da gutsattsari a ƙasansa. Ba abin mamaki ba ne: furotin ne na fatar waje, ƙarshensa kamar ganga yake da ke zama cikin kitse, ba ya naɗuwa daidai a cikin ruwan E. coli.

Za a sake TmpA, Gpd da Tp0453 a digiri 18, IPTG 0.2 mM, kwana guda. Inkubetarmu ba ta sanyaya, sai dai a sa ta a ɗakin AC da dare, a kewaye da ƙanƙara. Da sanyin nan na asuba zai yiwu. A watan Maris ba zai yiwu ba, don haka a ƙera isasshe yanzu.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Sanyi ya taimaka. TmpA da Gpd sun koma ruwa. Tp0453 ya ƙaru, ba sosai ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mako guda ana tacewa. Lita ɗaya ga kowane antijin, kwalam na Ni-NTA (nickel mai kama wutsiyar histidine) mililita 1, wanki da imidazole 20 mM, fitarwa da 250 mM, sannan dayalisis a ruwan gishiri na PBS kwana guda, an canza ruwa sau biyu. An auna yawan furotin da gwajin Bradford. Abin da aka samu: TpN17 miligiram 11, TpN47 8, TmpA 5, Gpd 4, Tp0453 bai cika 2 ba.

Tp92 an bi da shi ta wata hanya. An wanke tsakin sau uku da Triton X-100 kashi 1, an narkar a urea 8 M, an tace a kwalam cikin urea ɗin. Sau biyu aka yi ƙoƙarin zare urea a hankali, 6, 4, 2, sau biyun yana kaiwa 2 sai ya koma fari kamar kindirmo. An haƙura. Za a ajiye shi a urea, a sirka kai tsaye a bafar shimfiɗa, ruwan da ake zuba antijin a faranti da shi. A rubuta wannan da babban baƙi: duk sakamakon da Tp92 zai bayar, na warwararren furotin ne. Antibodin da ke gane siffarsa ta asali ba zai gan shi ba, saboda haka in ya faɗi, ba a yanke masa hukuncin ƙarshe ba.

Urea a haɗa ta sabuwa kullum, kar a ɗumama. In ta kwana a zafi takan koma cyanate, ta ɓata furotin.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Neman ma'aunin shimfiɗa. Antijin daga maikurogiram 4 a mililita zuwa 0.25, a bafar carbonate pH 9.6, maikurolita 100 a rami, kwana a firij. Toshewa da madara marar kitse kashi 5 a PBS mai Tween-20 kashi 0.05, awa ɗaya. Ruwan jini 1:50 zuwa 1:400. Conjugate, wato antibodin da ke kama antibodin mutum nau'in IgG, ɗauke da HRP mai haddasa launi, 1:5,000 da 1:10,000. TMB, ruwan da HRP ke mayarwa shuɗi, minti 15 a duhu, tsayarwa da sulfuric acid, karatu a 450 nm.

Madarar gari ta kanti ba ta yi. Yawancin na kasuwa an cire musu kitsen nono an mayar da man itace, wasu har da sukari. An gwada a rabin faranti don a rage kashe kuɗi, ramukan suka fito ba daidai ba. An koma ta ɗakin gwaji.

Ramukan gefe sun fi na tsakiya launi, bushewa ce. Za a riƙa rufe faranti da leda mai manne, a cika layin waje da bafa kawai. Ramuka 60 ke nan za su yi aiki cikin 96.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Faranti uku sun tashi a banza. An zuba TMB, ko rami ɗaya bai yi shuɗi ba, har na samfurin da aka san yana da ƙarfi. Zato na farko ya tafi kan conjugate, ko ya mutu a hanya. An ɗiga maikurolita ɗaya daga kwalbar asali cikin TMB, nan take ya yi shuɗi. Yana da rai. Sai aka bi abin da aka sirka shi da shi: PBS ce da aka ɗauko daga wani benci saboda tamu ta ƙare, kuma an sa mata sodium azide don kar ta lalace, ba a rubuta a jiki ba. Azide na kashe HRP.

An yi asarar kwana biyu da kusan maikurogiram 40 na Tp0453, wanda dama ƙanƙani ne. Bafar ELISA yanzu tana da nata shiryayye da jan tef.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Wannan ce babbar matsala zuwa yanzu, ta ci mako guda.

Jinin masu lafiya yana ba da launin da bai kamata ba, abin da muke kira hazo. Cikin masu ba da jini 30 da aka ware don yanka iyaka, wato karatun da zai raba mai cuta da marar cuta, kusan rabi suna karanta 0.4 zuwa 0.6, wasu sun haura. Ya fi muni a Tp92 da Gpd, amma har TpN17 bai tsira ba. Da irin wannan hazo, iyaka za ta yi sama, mai cuta a matakin farko da antibodinsa bai yi ƙarfi ba zai faɗo ƙasanta.

An ƙara wanki daga uku zuwa biyar, bai sauya ba. An ƙara sirkin conjugate, komai ya sauka tare, tazara ba ta buɗe ba. Abin da ya ja hankali shi ne mutanen da suka yi sama a antijin ɗaya su ne ke yin sama a duk shida. Ruwa ba ya tsami banza. Furotin shida mabambanta, abin da ya haɗa su ɗaya ne, E. coli ɗin da ta ƙera su.

An reni BL21 mai fulasmid fanko, aka fasa, aka bi da shi ta kwalam iri ɗaya, aka shimfiɗa abin da ya fito. Mutanen nan dai su suka haska. Da aka cika jel da lodi mai yawa, sai ga layuka sirara da ba a gani da farko, ɗaya wajen kDa 25, biyu wajen 70. Na 25 ɗin ya yi kama da SlyD, furotin E. coli mai yawan histidine da aka san yana maƙale wa nickel. Kusan kowane mutum yana ɗauke da antibodin E. coli, a hanjinsa take zaune, balle a inda gudawa da taifot ba baƙi ba ne.

Gyara uku aka yi. An sake tace duka, wankin imidazole ya koma 40 mM, ninki 20 na girman kwalam. An yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na furotin, amma layukan sun dushe. An fara jiƙa ruwan jini da romon E. coli fanko, maikurogiram 200 a mililita, awa ɗaya a digiri 37, kafin ya shiga faranti, don antibodin ya ƙare a can. Sannan kowane samfuri zai samu ramin fanko nasa, a debe karatunsa daga na antijin. Yau masu lafiya sun sauko ƙasa da 0.15 a antijin huɗu. Tp92 da Gpd suna nan wajen 0.25.

Da jinin da aka sayo daga waje aka yi wannan aiki, mai yiwuwa a wuce ba a lura ba, sai kayan sun shigo asibitocinmu.

Litinin, 3 ga Maris

An shiga azumi ranar Asabar. Aikin faranti ya koma ƙarfe bakwai na safe zuwa azahar, saboda zafi ma. Masu ba da jini sun ragu. An tsayar da ma'auni: shimfiɗa maikurogiram 1 a mililita, Tp0453 da Tp92 kuma 2, ruwan jini 1:100, conjugate 1:10,000.

Litinin, 10 ga Maris

An zo da safe an tarar da firizar -20 a narke. Makunnin da ke sauya layi tsakanin wutar gari da janareta ya ƙone daren Asabar, janareta na ta aiki amma wuta ba ta isa ɗakin ba. Na'urar rubuta zafi ta nuna an haura sifili da asubahin Lahadi, an kai digiri 11.

Abin da ke ciki: akwati biyu na ruwan jini, samfuri 61, da rabon antijin na aikin yau da kullum. Na 54 suna da 'yan'uwa a firizar -80. Bakwai ba su da su, domin sun iso ranar Juma'a da yamma ba a kai ga rabawa ba, kuma biyu daga cikinsu na masu gyambon farko ne. Waɗannan su suka fi komai tsada a wurinmu.

IgG yana jure kwana ɗaya a irin wannan sanyi. An sake musu TPPA da RPR, ba su sauya ba, za su shiga gwajin IgG da alama a gefensu. IgM, antibodin da ke fara fitowa bayan kamuwa, ya fi saurin lalacewa, kuma shi ake so a duba a matakin farko. An ɗage wannan ɓangare gaba ɗaya, don ba za a gina magana a kan samfurin gyambon farko uku da suka rage ba. Antijin da ya narke an zubar, an ɗauko sabo.

Sabon makunni da aikin mai gyara naira 68,000. An jera robobin ruwa daskararru a ƙasan firiza don su riƙe sanyi. Ka'ida: samfuri ba ya kwana ba a raba shi ba, ko da ana kiran sallar magariba ya iso.

Alhamis, 13 ga Maris

Tp0453 da aka narkar jiya ya yi gajimare. Bayan an juya, Bradford ta nuna rabinsa ya tafi. Furotin ne mai son manne wa kitse, a PBS zalla yakan dunƙule da 'yan'uwansa. An ɗauko sauran, an mayar da shi bafa mai gishiri 300 mM da glycerol kashi 10, an sirka ƙasa da rabin miligiram a mililita, an raba ƙanana yadda kowace kwalba sau ɗaya za a narkar. Abin da ya rage zai ishi faranti 20, ba ƙari. Kafin kowace shimfiɗa sai an juya an sake aunawa, in ba haka ba za a ɗauka antijin ne marar ƙarfi alhali rabin abin da ake zato ne a ramin.

Laraba, 19 ga Maris

An rufe karɓar samfuri na wannan zagaye. Masu cutar a yanzu 38: biyar gyambon farko da PCR, gwajin neman DNA ɗin ƙwayar, ta tabbatar daga shafar gyambon, uku mataki na biyu, 30 ba alama. Waɗanda aka yi wa magani 18. Marasa cutar 200, daga ciki 90 rukunin tarko.

Biyar ɗin nan sun yi kaɗan, kuma an san dalili. Gyambon ba ya ciwo, yana warkewa da kansa cikin mako uku zuwa shida, ga kunya. Mutum ya gwammace ya je kemis ya sayi kafso. In ya zo asibiti ma, sau da yawa ya riga ya sha.

Wani abokin aiki da ba ya taɓa faranti ya sake wa kwalabe lamba, ya kulle takardar. Iyaka daga masu lafiya 30 na daban: matsakaicin karatunsu da ninki uku na karkata (standard deviation). Waɗannan 30 ba sa cikin 200.

Juma'a, 28 ga Maris

An gama gudanarwa a makance, kowane samfuri sau biyu. Faranti huɗu an maimaita saboda bambancin tagwayen rami ya wuce kashi 10. Ranar Talata AC ta tsaya, ɗaki ya kai digiri 36, TMB ya yi gudu, masu ƙarfi suka wuce abin da injin ke iya karantawa. An zubar da na ranar. Hutun Sallah.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An buɗe takardar lamba. Wannan lissafin rukuninmu ne kawai, na farko.

Cikin masu cutar 38: TpN47 ya kama 37, TpN17 36, Tp0453 35, TmpA 34, Gpd 31, Tp92 27. Cikin marasa cutar 200, waɗanda aka ɗora wa ƙarya: TpN17 mutum 1, TmpA 2, Tp0453 2, TpN47 3, Tp92 11, Gpd 14.

Tp0453 ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin. A gyambon farko ya kama huɗu cikin biyar, TpN47 huɗu, TpN17 uku. Abin sha'awa, wanda TpN47 ya kuskure shi Tp0453 ya kama, ma'ana in an haɗa su biyu an kama biyar cikin biyar. Ran mutum na so ya yi murna, amma a yi lissafi. Ko biyar cikin biyar, iyakar ƙasa ta tazarar amincewa ta kashi 95 tana wajen kashi 48 ne. Da goma cikin goma ma, kashi 69 ce. Ba za a ce ya fi kowa kama matakin farko ba. Abin da za a iya cewa, ya cancanci a ci gaba da kashe masa kuɗi.

Ƙaryar Tp92 ta bazu a masu zazzaɓi da masu lafiya, ba ta da tsari. Furotin ne na dangin BamA, wanda kusan duk bakteriya masu fata biyu ke da irinsa, har da Leptospira da Borrelia da 'yan'uwan Treponema da ke zaune a dasashi. Warwararre kuma ya fi buɗe sassan da suka yi tarayya. Gpd ba shi da wannan uzuri, a ruwa ya fito, an tace shi sau biyu, har yanzu 14.

Tara daga rukunin tarko RPR ta nuna su, yawanci masu zazzaɓin cizon sauro, duka 1:4 ko ƙasa. Tp0453 da TpN17 sun wanke tara ɗin duka. A inda RPR kaɗai ake da ita, da an faɗa wa waɗannan mutane suna da tunjere, wata ma da aurenta ya girgiza.

Kan giɓi na biyu, bambance mai cuta a yanzu daga wanda aka yi wa magani, babu abin kirki tukuna. Cikin 18 da aka yi wa magani, TpN17 da TpN47 sun nuna duka, kamar yadda aka sani. TmpA da Tp0453 sun ba da launi mai rauni, amma ya cakuɗe da na masu cutar da ba alama. Ba a raba su da layi.

Talata, 8 ga Afrilu

An sake gwada duk samfurin da ya saɓa wa TPPA da Western blot, gwajin da ke nuna layi a kan furotin ɗin da antibodi ya kama. Ɗaya daga cikin biyun da Tp0453 ya ɗora wa ƙarya ya nuna layi a TpN47 ma. An roƙi asibiti ya kira shi a sake ɗibar jini, mako uku sun riga sun wuce. Ba za a sauya rukuninsa ba sai sabon TPPA ya fito.

Duk waɗannan antijin ba sa bambance tunjere da yaws, cutar fatar yara da 'yar'uwar ƙwayar ke jawowa. An ƙara tambaya a fom: inda mutum ya girma, da ko ya yi gyambunan fata masu daɗewa yana yaro.

Laraba, 16 ga Afrilu

Lissafin kuɗi. Fulasmid, Ni-NTA, conjugate da kayan TPPA duk da dala aka saye su, a kan naira 1,500 da ɗoriya, su suka cinye fiye da rabin kasafi. Dizal ya zo na biyu, lita 640 cikin wata uku. Faranti 71 aka yi amfani da su, 14 sun tafi a kuskure: azide, zafi, madara. Abin da ya rage zai kai ƙarshen Yuli in ba a ƙara sabon antijin ba.

Mataki na gaba. An ajiye Gpd. Tp92 za a ba shi dama ɗaya: a yanko ɓangarensa na gaba, sassan POTRA biyar da ke zama cikin ruwa, a bar gangar. An yi odar firaima, gutsattsarin DNA da za a yanko ɓangaren da su. Tp0453 za a ƙera lita huɗu da zarar damina ta sauka dare ya yi sanyi, a gwada shi a rami ɗaya tare da TpN47, a ga ko haɗin zai ƙara hazo.

Samfuri shi ne babban aiki. Ana buƙatar aƙalla 30 na gyambon farko, don haka an fara magana da asibitin fata da masu kula da cututtukan al'aura, an kuma tanadi kayan shafa don PCR. Na biyu, jinin mutum ɗaya kafin magani, sannan bayan wata 3, 6 da 12, a gudanar a faranti ɗaya gefe da gefe, a kwatanta da saukar RPR ninki huɗu. Ta haka kaɗai za a san ko antibodin TmpA da Tp0453 na sauka da gaske. Goma sha ɗaya cikin 38 sun yarda su dawo, an sa musu kuɗin mota a kasafi. Na farko ranar 29 ga wata ne, matar nan ta Kawo, wadda ke dab da haihuwa. In ta riga ta sauka, za a ɗibi nata da na jaririn rana ɗaya, daga jijiyarsa, ba daga cibiya ba, a yi musu RPR a kati guda.